Yadda Ake Gane Ma'anar "Get" a Jimlar Ingilishi

A cikin kalmomin aikatau na Ingilishi da wuya a sami wadda take wahalar da mai koyo kamar "get", duk da cewa haruffanta uku ne kacal, kuma yaro yana cin karo da ita tun shekararsa ta farko a kwalej. Ɗalibin da ya buɗe ƙamus zai tarar ma'anoninta sun cika shafi har sun tsallaka na gaba, sai ya karaya, ya riƙe guda ɗaya, wato "samu", ya riƙa ɗora ta a kan kowace jimla ko ta dace ko ba ta dace ba. Wannan asara ce ga mutanen Tawa, inda ɗalibin da ke shirin jarrabawar BEPC ko BAC, da wanda ya shiga Jami'ar Djibo Hamani, da ɗan kasuwar da ke musayar saƙo da masu kaya a Legas ko Akara ko Dubai, duk suke buƙatar harshen. Ga shi kuma kundin sake gina ƙasar Nijar na watan Maris na 2025, wanda ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya ajiye Ingilishi kafaɗa da kafaɗa da Faransanci a matsayin harshen aiki.

Bahaushe bai kamata ya ji tsoron irin wannan kalma ba, domin yana da ita a bakinsa. Muna cin abinci, muna cin jarrabawa, muna cin bashi, ana cin amana, ana cin sarauta, ana cin gaba, kuma babu wanda ya taɓa haddace waɗannan a jere kafin ya iya su. Kunne ne yake jiran kalmar da za ta biyo bayan "ci", ita ce take yanke hukunci. Haka "get" take, kuma hanyar koyonta ke nan: kada ka tsaya a kanta, ka dubi abin da ya biyo ta. Ina kuma ba da shawara a riƙa auna ta da Hausa kai tsaye, domin wanda ya fara juya ta zuwa Faransanci, sannan ya dawo da ita Hausa, yakan zubar da rabin ma'anar a hanya.

Kafin a shiga ma'ana, sai a gyara furuci da siffa. Wanda ya saba da karatun Faransanci, da ya ga "ge" sai harshensa ya karkata zuwa "je", alhali a nan harafin farko irin na "gona" ne da "gado". Siffofinta kuwa "get" da "got" da "getting", wannan ta ƙarshe da "t" biyu. A Amurka akwai ƙarin "gotten", wadda tsohuwar siffa ce da mutanen Ingila suka bari ta faɗi a yawancin maganarsu, ko da yake sawunta yana nan a "forgotten".

Idan abin da ya biyo bayan "get" suna ne, to ma'anar tana kewayen samu, amma samun iri-iri ne. "I got your message" na nufin saƙonka ya iso ni. "She got a job in Niamey" na nufin ta sami aiki a Yamai. Da zarar an ambaci farashi ko kasuwa, sai ta koma saye: "I got this shirt for five thousand francs", wato jikka biyar na sayi rigar nan. Idan cuta ce, kamuwa ake nufi, kamar "The child got malaria", yaron ya kamu da zazzaɓin cizon sauro. Idan kuma magana ce ko bayani, sai ta zama ganewa, shi ya sa "I don't get it" take nufin ban gane ba, kuma ɗalibin da malami ya tambaye shi "Do you get it?" ba wani abu ake tambaya ko ya karɓa ba. Akwai wata ma'ana a nan da Hausa ta fi Faransanci saurin kamawa, ita ce ta zuwa a ɗauko. "Get me some water" daidai take da "ɗebo mini ruwa", "Go and get the doctor" kuma "je ka kirawo likita". Wasalin "o" da muke ƙarawa a ɗauko da sayo da nemo, shi ne aikin da "get" take yi a waɗannan jimloli.

A nan ne ya wajaba a yi kashedi ga duk wanda kunnensa ya saba da Turancin buroka, kuma Adarawa da yawa sun saba da shi ta hanyar ci-rani da fatauci, daga Konni zuwa Illela har kudancin Najeriya. A buroka, "I get money" na nufin ina da kuɗi. A daidaitaccen Ingilishi kuwa ma'anarta ina samun kuɗi a kai a kai, kamar mai cewa "I get money from my brother every month". Buroka harshe ne mai ƙa'idarsa, yana kuma biyan buƙata a kasuwa, sai dai mai gyaran takardar jarrabawa ba zai karɓe shi ba. Mai son ya ce yana da abu, sai ya ce "I have" ko "I have got". Wannan "have got" tana rikita mutane domin tana kama da abin da ya wuce, alhali mallaka ta yanzu take nufi: "I've got two sisters" na nufin ina da ƴan'uwa mata biyu, "Have you got change?" kuma kana da canji? Idan mallakar ta shekarun baya ce, sai a yar da "got" a ce "I had a bicycle". Idan kuma "to" da aikatau suka biyo, ta zama tilas: "I've got to go", dole in tafi.

Kashi na biyu shi ne wanda na fi so mai koyo ya daɗe a kansa, domin a nan ake bambanta wanda ya iya da wanda yake fassara. Idan sifa ce ta biyo bayan "get", ma'anar ita ce sauyawa daga wani hali zuwa wani. Wahalar ta taso ne daga yadda Hausa take haɗa shiga hali da kasancewa a cikinsa a kalma ɗaya. Idan na ce "na gaji", ina iya nufin gajiya ta kama ni a wani lokaci, ina kuma iya nufin a gajiye nake yanzu. Ingilishi ya raba su: "I am tired" shi ne halin da ake ciki, "I got tired" shi ne lokacin da gajiyar ta sauka, "I am getting tired" kuwa na fara gajiya. A ɗauki uwar da ta zuba tuwo, yara suna can suna wasa a waje. Idan ta ce "The food is getting cold", tana nufin abinci yana hucewa, a yi sauri. Idan ta ce "The food is cold", magana ta ƙare, ya riga ya huce. Haka za ka ce "It gets very hot in April" game da zafin bazara, "It gets cold at night in January" game da sanyin hunturu, "It is getting dark" idan magariba ta gabato, "He is getting better" idan majinyaci yana samun sauƙi. Duk inda Hausa za ta ce "ya fara", ko "yana ƙara", ko "ya zama", to ka gwada "get" tukuna.

Daga wannan reshe ne maganar aure ta fito. "He is married" na nufin yana da aure, "He got married last year" kuma bara ya yi aure. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ce "married with", domin Hausa tana cewa aure "da" wance, Faransanci ma yana cewa "avec", sai harsunan biyu suka taru suka tura ɗalibi rami ɗaya. Daidai shi ne "She got married to a teacher". Irin wannan gini ne kuma yake ba da "get lost", ɓacewa, da "get hurt", jin rauni, da "get paid" da "get caught", waɗanda Hausa take faɗa da "an": an biya shi, an kama shi. A haɗa da "get used to", wato sabawa, a kuma lura cewa aikatau da ya biyo ta yana ɗaukar "ing": "I am getting used to waking up early".

Idan wuri ne ya biyo, ma'anar isa ce. "What time does the bus get to Tahoua?" tambaya ce game da lokacin isowar mota, "How do I get to the market?" kuma ta ina zan bi in kai kasuwa. Ana sa "to" kafin sunan wuri, amma ba a sa ta kafin "home" da "here" da "there", saboda haka "I got home late" ake cewa. Ga yadda saƙon ɗan kasuwa da mai aiko masa da kaya yakan kasance a WhatsApp. Ya rubuta: "Did you get the money?" Aka amsa: "Yes, I got it this morning." Ya sake tambaya: "When will the goods get to Lome?" Aka ce masa: "Next week, but transport is getting expensive." Layi huɗu ne, ma'ana uku: karɓa, isa, da tsada mai ƙaruwa, kuma a kowanne kalmar da ke gaba ce ta bayyana wadda ake nufi.

Shiga abin hawa yana da ƙa'idarsa, kuma ta yi kusa da tamu. Abin da muke hawa mu sauka, kamar babur da keke da doki da raƙumi, "get on" da "get off" ne. Ƙaramar mota da tasi, waɗanda muke shiga mu fita, "get in" da "get out of". Inda harsunan suka rabu shi ne manyan abubuwan hawa da mutum yake iya miƙewa tsaye a cikinsu: mu muna shiga bas da jirgi, Ingilishi kuwa "get on the bus" da "get on the plane" yake cewa. Matafiyin da ya taso daga Yamai ya bi ta Doso da Dogon Dutsi, idan zai sauka a Konni, "I am getting off at Konni" zai ce. A tuna kuma cewa "car" a Ingilishi ƙaramar mota ce, ba babbar motar fasinja da ake kira haka a Faransanci ba.

Sauran ƙananan kalmomin da ke manne wa "get" ba su da wata dabara sai a koye su ɗaya bayan ɗaya, kowace a cikin jimlarta. Waɗanda suka fi zama dole su ne "get up", tashi daga barci ko daga zaune. "Get back", dawowa. "Get over", warkewa daga ciwo ko baƙin ciki. "Get on with" ko "get along with", jituwa da mutum. Da "get by", lallaɓa rayuwa da ɗan abin da ke hannu. Biyar ɗin nan sun isa a fara da su, kuma gara a iya su sosai da a kwafi talatin a manta.

Akwai gini biyu da suka rage, dukansu game da sa wani aiki. "I got my brother to help me" na nufin na shawo kan ɗan'uwana ya taimake ni, da lallashi ko roƙo, saɓanin "I made him help me" mai ɗauke da tilastawa. Na biyun shi ne "I got my phone repaired", wato na kai an gyara mini waya. Wanda ya ce "I repaired my phone" ya gaya wa mai sauraro cewa shi da hannunsa ya kwance ta ya gyara.

Game da aikin yau da kullum, ka ware shafi biyu a littafinka, ka ja layuka ka raba su gida biyar: suna, sifa, wuri, ƙaramar kalma, da sa aiki. Duk jimlar da ka ji a rediyo ko a bidiyon waya, ko ka gani a littafin aji, ka rubuta ta cikakkiya a gidanta, ka sa Hausarta a gefe yadda za ka faɗa wa mahaifiyarka ta gane, ba fassarar kalma da kalma ba. Da dare kuma ka ba da labarin wuninka da baki, da ƙarfi, kana amfani da "got": lokacin da ka tashi, abin da ka hau, lokacin da ka isa, abin da ka sayo, inda ka gaji. Idan kuna da fada da abokai masu koyo, ɗaya ya faɗi Hausar, ɗaya ya mayar, na uku ya duba ko gidan da aka sa jimlar daidai ne.

Abu na ƙarshe shi ne sanin inda ake rage ta. "Get" ta shigo Ingilishi ne daga harshen mutanen arewacin Turai da suka zauna a sassan Ingila, kuma ta zauna a matsayin kalmar hira da ciniki da zaman gida. Takwarorinta irin su "receive" da "obtain" da "arrive" daga Faransanci suka shigo, a ƙarnonin da suka biyo bayan mamayar da Normandawa daga arewacin Faransa suka yi wa Ingila a 1066, shi ya sa har yau suke da ƙamshin ofis da kotu. Ɗalibin Nijar yana da riba a nan, domin ya riga ya san su daga "recevoir" da "obtenir" da "arriver", sai dai yakan zuba su a hira har maganarsa ta yi nauyi, ya ce wa abokinsa "I obtained a new phone" inda kowa zai ce "I got a new phone". A takardar neman aiki ko neman gurbin karatu kuwa sai a juya lamarin: a rubuta "I received your letter" da "I obtained my diploma in 2023", a mayar da "get better" zuwa "improve", a kuma cire "have got" a bar "have" ita kaɗai. Amma "get married" da "get used to" suna iya zama yadda suke ko a rubutu na hukuma.