Yadda ake zaɓen salon haruffa kafin a kai aiki maɗaba'a

Haruffa masu ƙafa, wato masu ɗan tsinke a ƙarshen kowace sanda irin na Times New Roman, da su aka saba buga littafi da jarida. Sai dai ba kowane salo ne ke ɗaukar Hausa ba, don haka kada ka fara da duba kyau.

Da farko, da salon da kake son gwadawa, rubuta "Ɗanjuma ya ɓoye ƙwarya a Ƙofar Mata", in aikin na Nijar ne ka ƙara da "ƴaƴa". Faɗaɗa shafin, ka zuba wa ƙugiyoyin ido. In ka ga ƙ ta fi maƙwabtanta kauri, ko ta tsaya wani ƙiƙam kamar baƙuwa a gidan biki, to salon ba shi da ita, kwamfuta ce ta aro daga wani wuri. Haka Georgia take yi, haka Garamond ɗin da ke cikin Word. Charis SIL da Gentium kuwa kyauta ake sauke su, kuma ƙugiyoyinsu cikakku ne. Maimaita gwajin da haruffa masu kauri da na karkace, don nan ake yawan shan kunya.

Sai ka tambayi kanka, a kan wace takarda za a buga? Don jaridar The Times ta Landan aka zana Times New Roman a 1932, shi ya sa yake a matse, yana cusa kalmomi da yawa a siririn layi. A shafin littafi mai faɗi yana gajiyar da ido. Bodoni da Didot suna da kyau a kanun mujalla mai sheƙi, amma siraran zanensu kan ɓace a takarda mai shan tawada. Ni dai a irin wannan takarda Charis nake ɗauka.

Girma kuma, maki 10 zuwa 12, wato lambar girman harafi a kwamfuta, ya wadatar a littafi, layi kada ya wuce haruffa 75.

Kada ka yarda da allon kwamfuta. Buga shafi guda da kowane salo biyu ko uku da suka rage maka, a girman da littafin zai fito, ka miƙa wa wani dattijo ya karanta da yamma. Wanda bai sa shi matso da takarda kusa da hanci ba, shi za ka ɗauka. Sannan ka mayar da aikin PDF tare da haruffan a ciki, don kwamfutar maɗaba'a ba lallai tana da su ba.