Ga masu VirtualBox da ke amfani da intanet ɗin waya

'Yan uwa masu koyon Linux a kan laftof ta VirtualBox (manhajar da ke kunna wata kwamfuta, wato injin, a cikin kwamfutarka), musamman mu na ƙauyukan Ringim da Gumel da intanet ɗinmu daga wayar hannu yake zuwa: ku daina wahalar da kanku da Bridged Adapter, saitin da ke haɗa injin kai tsaye da hotspot ɗin wayar. Kan hotspot yakan yi gardama, kuma da zarar waya ta mutu, lambar IP (adireshin na'ura a kan network) ta tafi, injin da ke ciki da kwamfutar da ke ɗauke da shi sun daina ganin juna.

Ku ba injin adafta biyu, wato hanyoyin haɗi biyu. Sai kun kashe injin gaba ɗaya tukuna, don in yana kunne ba za ku iya ƙara sabuwa ba. A Settings, ƙarƙashin Network, ku bar Adapter 1 a kan NAT, shi ke kawo intanet, kuma yawanci zai ba injin 10.0.2.15. Adapter 2 kuma ku sa Host-only. Wannan hanya ce tsakaninsu su biyu kawai, babu ruwanta da data ko sabis. Kwamfutarka za ta zama 192.168.56.1, injin kuma ya samu wata lamba a jerin, galibi daga 192.168.56.101. Rubuta ip a a cikin Linux ka ga lambar injinka, da ita za ka shiga ta SSH (hanyar ba injin umarni daga kwamfutarka) ko ka buɗe shafin da kake gwadawa, ko kana gona.

In ka yi ping (gwajin ko suna ganin juna) daga injin zuwa Windows ɗin kwamfutarka shiru, kada ka yi saurin goge komai. Sau da yawa firewall (katangar tsaro) ɗin Windows ne ke tare shi. Gwada daga Windows zuwa injin tukuna.