Yadda Ake Zana Farantin Ado Mai Launin Tutar Najeriya a Manhajar GIMP

Duk lokacin da 1 ga Oktoba ta gabato sai shafukan sada zumunta su cika da hotunan tuta, kuma mafi yawansu iri ɗaya ne: an ɗauko tuta an liƙa rubutu a kai, shi ke nan. Farantin ado ya fi wannan armashi. Wanda ya taɓa shiga ɗakin amarya ya ga jere, ya san yadda faranti mai zane ke ɗaukar ido in aka jingina shi a kabad haske na dukansa. Irinsa za mu zana a kwamfuta, mai kore da fari da zaren ruwan zinare, wanda za ka iya sa wa a katin gayyata, ko fostar makaranta, ko ka kai a buga maka a kan faranti na gaske.

Za mu yi aikin da GIMP domin kyauta ce, kuma tana aiki a Windows da Mac da Linux. Matakan suna tafiya daidai a sigar 2.10 da sigar 3.0 da ta fito a 2025. Mai Photoshop ko Photopea zai iya bin sahu, sai dai sunayen maɓallai da wasu matakai za su bambanta. Sunayen umarnin zan rubuta su yadda suke a fuskar manhajar, don kada ka sha wahalar nemansu.

Shirya fili

Ka shiga File, ka zaɓi New, ka sa faɗi 2400 da tsawo 2400 na fiksel. A ƙarƙashin Advanced Options ka mayar da Resolution, wato yawan fiksel a kowane inci, 300, sannan a wurin Fill with ka zaɓi Transparency. Wannan girman ya kai kimanin santimita 20 in an buga a takarda, wato girman farantin cin abinci matsakaici. Tsakiyar filin tana kan 1200 da 1200. Ka riƙe lambar nan, komai a kanta zai juya.

Ka adana aikin tun yanzu da Ctrl da S, ka ci gaba da latsa su bayan kowane mataki, don ɗaukewar wuta ba ta sallama.

Jikin faranti

Ka buɗe sabuwar shimfiɗa (wato Layer, kamar takarda garai-garai da ake ɗorawa kan wata) da Shift, Ctrl da N, ka sa mata suna "jiki". Ka latsa harafin E don ɗauko abin zaɓi mai da'ira, ka ja kowace irin da'ira a fili. Kada ka damu da daidaita ta da linzami. A akwatin da ke gefen hagu akwai Position da Size: a na farko ka rubuta 100 da 100, a na biyu 2200 da 2200. Da'irar za ta zauna daram a tsakiya. Ƙa'idar ita ce ka cire girman da'ira daga 2400, ka raba biyu, abin da ya fito shi ne Position.

Yanzu launi. Kada ka zuba fari fat. Tangaran na gaske yana da ɗan duhu kaɗan, kuma idan ka sa fari tas babu inda ƙyalli zai fito daga baya, tunda babu abin da ya fi fari haske. Ka latsa akwatin launin gaba, ka rubuta f5f3ee, sannan Edit, Fill with FG Color.

Koren baki da zaren zinare

A nan ne tutar za ta shigo, amma ba za mu miƙe ta ko mu lanƙwasa ta a kan da'ira ba. Tutar Najeriya tsayinta ɗaya ne faɗinta biyu, da zarar an matse ta cikin da'ira sai ta rasa kamanninta. Abin da za mu yi shi ne mu bar farantin kansa ya zama tutar: baki kore, ciki fari, tsakiya kore. Duk wanda ya kalla daga gefe zuwa tsakiya zai karanta kore, fari, kore ba tare da an faɗa masa ba. Michael Taiwo Akinkunmi, wanda ya zana tutar a 1959 yana ɗalibi a Landan, ya sa jar rana a tsakiyar farin, alƙalan gasar suka cire ta suka bar launi biyu. Ni a ganina sun yi daidai, kuma wannan sauƙin shi ya kamata farantin ya gada.

Ka buɗe shimfiɗa mai suna "baki". Ka yi da'ira mai girman 2160 a Position 120, ka zuba kore mai lamba 008751, wanda shi ne aka fi amfani da shi wa tutar a kwamfuta. Sannan ka yi wata da'irar mai girman 1640 a Position 380, ka latsa Delete. Zobe kore zai rage, da ɗan siririn fari a can gefe wanda zai zama leɓen farantin.

Zaren zinare a shimfiɗarsa daban. Da'irar 2160 kuma, ka zuba c9a227, ka shiga Select, Shrink, ka sa 14, ka latsa Delete. Ka maimaita da da'irar 1640. Akwai umarnin Stroke Selection da ke zana layi kai tsaye, amma layinsa yakan fito da zarto-zarto a gefe, wannan hanyar ta fi ba da layi sumul.

Haske da inuwa

Idan ka tsaya a nan, abin da ke gabanka da'irori ne masu launi, ba faranti ba. Abin da ke sa ido ya yarda cewa abu yana da zurfi shi ne inuwa, kuma inuwa ba ta gamsar da ido sai in haske daga wuri ɗaya yake zuwa. Saboda haka ka yanke shawara tun yanzu: haskenmu daga sama ta hagu yake fitowa, kuma ba za mu saɓa wa wannan ba har mu gama.

Kafin ka taɓa linzami, ka ɗauko faranti a kicin ka ajiye kusa da taga. Ka duba gangaren da ke tsakanin baki da ciki. Za ka ga ɓangaren gangaren da ke kusa da taga shi ne mai duhu, domin ya ba hasken baya, na nesa da taga kuma shi ke sheƙi domin yana fuskantar hasken. Bakin farantin kuwa akasin haka yake. Masu koyo da yawa suna juya wannan, sai farantinsu ya fito kamar an kife shi.

Ga yadda za ka yi gangaren. Sabuwar shimfiɗa, suna "gangare". Da'ira 1600 a Position 400. Sannan a saman akwatin gefe ka canza Mode zuwa na ragewa, wato Subtract, ka yi da'ira 1480 a Position 460. Siririn zobe ne zai rage a zaɓe. Ka latsa D don launuka su koma baƙi da fari, ka latsa G don ɗauko abin sirka launi, ka tabbata Shape yana kan Linear, ka ja layi daga kusurwar sama ta hagu zuwa ta ƙasa ta dama, ka latsa Enter. Ka cire zaɓin da Select, None. Sai Filters, Blur, Gaussian Blur, ka sa 15. Daga ƙarshe ka rage Opacity na shimfiɗar zuwa wajen 30. Nan take za ka ga cikin farantin ya lotsa.

Kada ka manta ka mayar da Mode na abin zaɓin zuwa Replace, in ba haka ba da'irar da za ka yi gaba ba za ta bayyana ba, ka yi ta mamakin abin da ya lalace.

Bakin kore kuma: ka danna shimfiɗar "baki" da maɓallin dama, ka zaɓi Alpha to Selection, ka buɗe sabuwar shimfiɗa, ka ja sirkin launi a juye, fari a sama ta hagu, baƙi a ƙasa ta dama. Ka sa Mode na shimfiɗar a Soft light, Opacity kamar 50. Ka lura kada koren ya koma launin ganyen da ya bushe a ɓangaren duhu. In ya fara haka, ka ƙara ragewa. Launin tuta ne, dole ya kasance ana gane shi a ko'ina.

Ɗigo 36

Zane-zanen irin wannan da ake gani daga Amurka cike suke da taurari, domin tutarsu taurari gare ta. Tamu ba ta da ko ɗaya, don haka babu dalilin aro. Muna da jihohi 36 tun 1996, kuma da'ira digiri 360 ce, ka ga kowace jiha ta samu digiri 10 cif.

A sabuwar shimfiɗa ka yi ƙaramar da'ira mai girman 70, Position 1165 da 215, ka zuba launin zinaren nan, ka cire zaɓi. Ɗigo ɗaya ke nan a saman baki. Ka kwafi shimfiɗar da Shift, Ctrl da D, ka ɗauko abin juyawa da Shift da R, ka sa Clipping a kan Clip, ka tabbata tsakiyar juyin tana 1200 da 1200, ka rubuta 10 a Angle. Ka sake kwafar ta farkon ka juya ta 20. Ka haɗe ukun da Merge Down. Daga nan aikin gudu yake: kwafi ka juya 30 ka haɗe, sun zama 6, kwafi ka juya 60 ka haɗe, sun zama 12, sai kwafi biyu, ɗaya ka juya 120, ɗaya ka juya 120 da alamar ragi a gabanta. Ka haɗe, ka ƙirga, 36 ne.

Tsakiya

Da'ira 800 a Position 800, a zuba kore. A kanta za mu zana haɗuwar kogin Neja da na Binuwai, wadda ita ce farar alamar nan mai siffar Y da ke kan baƙar garkuwar tambarin ƙasa. Ka latsa B don abin zana hanya. Reshen hagu ya gangaro daga sama ta hagu, kamar yadda Neja ke shigowa ta jihar Kebbi, na dama ya taho daga gabas kamar yadda Binuwai ke shigowa ta Adamawa, su haɗu ƙasa da tsakiya kaɗan, wato Lakwaja, sannan ƙafa ɗaya ta sauka zuwa teku. Ka ja tsakiyar kowane layi ya ɗan yi lanƙwasa, kogi ba ya tafiya a miƙe. Ka mayar da launin gaba fari, ka shiga Edit, Stroke Path, ka sa kauri 60. Mai son ƙari zai iya sa ɗigon zinare ɗaya a saman mahaɗar, a madadin Abuja.

Ban ba da shawarar ɗauko cikakken tambarin ƙasa, da dawakansa da jar mikiyarsa, a liƙa ba. Akwai dokar da ta tsara yadda ake amfani da tuta da tambarin, musamman a harkar kasuwanci, sannan kuma tarkacensa sun yi wa ƙaramar da'ira yawa.

Rubutu a zagaye

Ka fara zaɓen salon rubutun da ya san haruffanmu masu ƙugiya. Da yawa daga masu kyan gani ba su da ɗ da ƙ da ɓ, sai manhajar ta aro harafin daga wani salon ya fito bare a tsakiyar kalma. Noto Sans da Charis SIL da Andika duk suna da su.

Ka yi da'ira 1200 a Position 600, ka shiga Select, To Path, ka cire zaɓi. Ka latsa T ka rubuta HAƊIN KAI DA IMANI da girman kamar 110, wato rabin farko na taken da ke ƙasan tambarin ƙasa. Sannan Layer, Text along Path. Rubutun zai nannaɗe a kan da'irar a matsayin zane kawai, bai da launi tukuna. Ka buɗe sabuwar shimfiɗa, Select, From Path, ka zuba kore, ka cire zaɓi, ka ɓoye rubutun asali, ka juya shimfiɗar da Shift da R har kalmomin su zauna a sama daidai.

Na ƙasa, 1 GA OKTOBA 1960, yana bukatar dabara ɗaya, in ba haka ba zai fito ƙafa a sama. Ka koma kan hanyar da'irar a akwatin Paths, ka ɗauko abin kifewa da Shift da F, a wurin Transform ka zaɓi Path, ka latsa fili sau ɗaya. Alkiblar da'irar ta juya ke nan. Ka maimaita matakan rubutun, zai zauna yadda ake karanta shi ba tare da karkata wuya ba.

Ƙyalli da fitarwa

A shimfiɗa ta can sama ka zaɓi da'ira 1400 a Position 500, ka rage mata wata mai girman nan da ka gusar zuwa sama ta hagu, misali Position 440 da 440. Siffar jinjirin wata za ta rage a ƙasa ta dama. Ka zuba fari, Gaussian Blur 40, Opacity 30 ko ƙasa da haka. Sannan ka koma shimfiɗar "jiki", Filters, Light and Shadow, Drop Shadow: X 20, Y 25, Blur radius 25, Opacity 0.5. Inuwar ta faɗi ƙasa ta dama, daidai da hasken da muka zaɓa.

Ɗan'uwa a Nijar zai bi matakan nan da launukan tutarsa: baki kore, ciki fari, tsakiya da'ira ruwan lemo, wadda dama tana kan tutar, da kwanan wata 3 ga Agusta 1960. Yankuna takwas na ƙasar kuma ɗigo takwas ne, kowanne digiri 45.

Ka bar fayil ɗin xcf, wato wanda kake adanawa da Ctrl da S, da shimfiɗunsa a rabe saboda gyaran gaba. Na rabawa kuwa, File, Export As, ka ba shi suna mai ƙarewa da png don bayansa ya zauna babu launi. Idan a kan faranti na gaske za a buga, ka kashe shimfiɗun gangare da ƙyalli da inuwa kafin fitarwa, tunda farantin zai kawo nasa. Ka tambayi mai bugawa faɗin wurin da injinsa ke kamawa, da ko yana son hoton a kife, kuma ka nemi ya fara gwada guda ɗaya, domin kore yakan dushe a tawada fiye da yadda yake a fuskar kwamfuta.