Kurakuran da masu amosanin gaɓɓai suka fi yi wajen motsa jiki a ruwan ɗumi

Akwai nau'in amosanin gaɓɓai da garkuwar jiki ce da kanta ke far wa gaɓoɓin mai ita. Ya fi kama mata, kuma yakan sandarar da yatsu da wuyan hannu da safe, har mace ta kasa ɗaura ɗankwali ko murɗe marfin kwalba. Likitocin gashi suna ba masu wannan larura shawarar motsa jiki a ruwan ɗumi saboda ruwa yana rage wa gaɓoɓi nauyi: wanda ya tsaya ruwa iya ƙugu, kusan rabin nauyinsa kaɗai gwiwoyinsa ke ɗauka, idan kuwa ruwan ya kai ƙirji, abin da ya rage kimanin kashi 1 cikin 3 ne.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne wajen zafin ruwan. Mutane da yawa sun ɗauka sanyi ne ya shige su a ƙashi, don haka suke neman ruwa mai ƙuna. Wuraren gashi na asibiti suna tsayawa ne tsakanin digiri 33 zuwa 36 a ma'aunin Salshiyos, wato ƙasa kaɗan da ɗumin jiki. Ruwan da ya zarce haka yana buɗa jijiyoyin jini, bugun zuciya ya ƙaru, jiri ya kama mutum lokacin fita, abin da ke da hatsari ga mai hawan jini ko ciwon zuciya. Wanda zai gasa hannuwansa a baho a gida ya fara gwada ruwan da gwiwar hannu, musamman idan yana da ciwon suga da ya rage masa jin zafi.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne zarce ƙima. Ɗumi yana lafar da ciwo na ɗan lokaci, sai mara lafiya ya ji jikinsa ya saki, ya yi ta wutsil-wutsil har awa guda, washegari kuma ya kasa sauka daga gado ya ce ruwan bai karɓe shi ba. Gyaran shi ne a fara da minti 10 zuwa 15 na tafiya a hankali cikin ruwa da buɗe yatsu da dunƙule su, a riƙa ƙarawa sannu a hankali zuwa minti 30. Idan ciwon ya ƙaru kuma bai lafa ba bayan awa 2 da fitowa, to an wuce gona da iri, sai a rage a karo na gaba. A sha ruwa kafin shiga da bayan fita, domin ana yin gumi ko ba a lura ba.

Ranar da ciwon ya motsa, gaɓa ta kumbura ta yi zafi, ba a ɗora mata ƙarin zafi. Tsumma mai sanyi da hutu da motsi mara nauyi sun fi dacewa.

Wasu kuma da zarar sun samu sauƙi sai su ajiye magungunansu irin su methotrexate. Ruwan ɗumi yana sassauta gaɓa, amma ba ya hana cutar ci gaba da cinye ta, kuma gaɓar da ta riga ta lanƙwashe ba ta komawa yadda take. Waɗannan magunguna suna raunana garkuwar jiki, shi ya sa mai rauni a fata ko zazzaɓi ba ya shiga ruwa, kuma a guji kududdufi da rafi ko da rana ta ɗumama su, saboda tsargiya.

Haka nan ruwa ba ya ƙarfafa ƙashi yadda tafiya a ƙasa ke yi. Wanda ya daɗe yana shan prednisolone, wanda ke sa ƙashi ya yi rauni, ya haɗa da tattaki a ranakun da bai shiga ruwa ba, bayan ya tuntuɓi likitansa kan nisan da ya dace da shi.