Yadda za ka tambayi mutumin Damagaram ra'ayinsa a kan baƙi

Duk shekara idan lokacin rubuta kundin kammala karatu ya zo, yara daga Jami'ar André Salifou sukan biyo ni gida da takardunsu. Sun ji cewa na daɗe ina aikin anket a lokacin hutun lakwal, ina bi gida-gida da jerin tambayoyi, daga Birni zuwa Garin Malam, har ƙauyukan Kance da Magarya. Bana mutum uku ne suka zo da batu ɗaya, suna son sanin yadda 'yan gari ke kallon baƙi. Dukkansu kuma da tambaya ɗaya suka buɗe takardarsu: "Kana ganin baƙi sun yi yawa a ƙasar nan, ko sun yi daidai, ko a ƙaro?" Na ce su ɗauke ta daga farko su kai ta can ƙarshe.

Idan ka ce wa Bahaushe "baƙo", amsarsa a shirye take tun kafin ka rufe baki: baƙonka annabinka. Ba ƙarya ya yi maka ba, tarbiyyarsa ce ta amsa. Matsalar ita ce ba ka san fuskar wa ya gani a zuciyarsa ba lokacin da ya ji kalmar. Matar da ke Karkada tana tunanin iyalin da suka gudo daga Difa suka kama haya kusa da ita. Ɗan kasuwar Dole yana tunanin Ibo mai sayar da kayan gyaran mota. Saurayin da ke zaune a fada, wato majalisar samari, yana tunanin 'yan Caina na matatar mai. Dattijon Birni kuwa yana nufin ɗan ƙauyen Tanut da damina ta ƙi masa ya shigo gari da iyalinsa, alhali shi ɗan ƙasa ne da katinsa a aljihu. Sai ka tara amsoshi huɗu a layi ɗaya, kana zaton magana ɗaya suka yi.

Don haka tambayarka ta farko ta zama: "Baba, a unguwar nan su wa kuke ce wa baƙi?" Ka yi shiru, ka bar shi ya lissafo, ka rubuta da kalmomin da ya yi amfani da su. Ka kuma lura da wanda bai ambata ba. A shekarun da na yi ina wannan aiki, da wuya in ji an sa mutumin Daura ko Kano ko Kazaure cikin baƙi, ko da yake a takarda ɗan wata ƙasa ne. Wanda ya tsallako ta Kongolam ya shigo Ɗan Barto, harshensa namu, sallarsa tamu, wataƙila ma kakarsa 'yar Matamaye ce. Amma na sha jin an ambaci ma'aikacin gwamnati da aka turo daga Yamai. Wannan kaɗai darasi ne da ya isa babi guda a kundinka, kuma ba za ka same shi ba idan kai ne ka kawo musu ma'anar kalmar.

Bayan ya ba ka jerinsa, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Kada ka tambaye shi ko yana son su, domin kunya ba za ta bar shi ya ce a'a ba. Ka ɗora tambayar a kan abin da hannu ke taɓawa. Zai ba su hayar ɗaki? Zai yarda su kafa rumfa kusa da tasa? Ɗansa da nasu su zauna benci ɗaya a lakwal? Idan sun nemi auren 'yarsa fa? Za ka ga mutum ya ce i, i, i, ya zo kan aure ya tsaya. Wani kuma aure bai dame shi ba, rumfa ce ba zai raba da kowa ba. Inda ya tsaya, nan ra'ayinsa yake.

A Damagaram akwai abin da ya fi duk waɗannan nauyi, shi ne ruwa. Garin nan a kan dutse yake zaune, ruwan da muke sha daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Arunguza da Ganaram. Duk wanda ya yi bazara a nan ya san layin bido da ake kafawa tun cikin dare, da yadda kuɗin 'yan garuwa ke hawa a watan Afrilu da Mayu. Matar da ta kwana a bakin famfo, idan ka tambaye ta da safe ko mutane sun yi yawa a gari, za ta ce sun yi yawa, kuma tana da gaskiya a yadda ta kwana. Ka dawo mata da kaka, rumbu cike, famfo na zuba, amsar za ta yi laushi. Ni a saman kowace takarda nakan rubuta kwanan wata da kuɗin bido ɗaya a unguwar a ranar. Wanda bai yi haka ba zai ɗauki ƙishirwa ya rubuta ta a matsayin ƙin baƙi, kuma wannan zalunci ne ga mutanen da ya tambaya.

Kan 'yan gudun hijira, tambaya biyu za ka yi. A watan Fabrairun 2015 da Boko Haram ta kai hari Boso da Difa, mutane sun kwararo ta hanyar Gure, gidaje da yawa a garin nan sun buɗe ƙofa ba tare da sun jira wata ƙungiya ba. Ka tambayi yadda aka ji lokacin da suka zo, sannan ka tambayi yadda ake ji yanzu. Mutanenmu suna bambanta wanda wuta ta koro da wanda ya zo biɗa, kuma tausayinsu ga na farkon na gaske ne. Sai dai Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba, wato ana sa ran rana za ta fito raɓa ta tashi. Idan shekara ta bi shekara bai tafi ba, tausayi yana nan, gajiya ma ta shigo. Ka bar wa mutum fili ya faɗi duka biyun, kada ka tilasta masa zaɓen ɗaya.

Batun 'yan Caina gajere ne. Matatar SORAZ da ke kan hanyar Tanut ta fara aiki a Nuwamban 2011, ganga 20,000 a rana, kashi 60 na kamfanin Caina, 40 na Nijar. Samarin da za ka tambaya ba su cika zama da waɗannan mutane ba, maganarsu ta guraben aiki ce da albashi. Ka raba "su zauna ko su tafi" da "a kan wane sharaɗi", in ba haka ba za ka ruɗe.

Yanzu ga wurin da nake so ka tafi a hankali. Kusan kowane gida a jihar nan yana da nasa a waje, Kano, Legas, Libiya ko Aljeriya. Tsofaffi suna tuna 1983 da gwamnatin Shagari ta kori baƙi, namu suka dawo da kayansu a ka. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a sahara kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance. Tun ƙarshen 2014 kuma ake ta ganin ayarin motocin da ke dawo da 'yan ƙasarmu daga Aljeriya. Saboda haka idan hira ta yi nisa, kun saba, sai ka ce: "Ku ma kuna da wani a waje? Yaya ake riƙonsa a can?" Wani manomi a wani ƙauye kudu da Matamaye ya taɓa gaya mini cewa masu wucewa zuwa Agadas ɓarna kawai suke kawowa, a mayar da kowa garinsu. Da muka zo kan ɗansa da ke aikin gini a Sabha, wanda ya yi wata biyar bai kira ba, sai muryarsa ta sauka. Da zan tashi ya ce, "Malam, waccan amsa ta farko, goge ta." Na ce masa ba zan goge ba, amma zan rubuta ta biyun a ƙarƙashinta da bakinsa. Ya yarda. Kai ma haka za ka yi, domin duka biyun nasa ne. Kuma kada ka sa wannan tambaya a farko, za ta rina duk amsoshin da suka biyo baya.

Ka kula da kalmominka. "Baƙin haure" kalmar rediyo ce, hukunci na cikinta. Dokar 2015 da ta haramta safarar matafiya ta sa mutane jin tsoron maganar, an soke ta a Nuwamban 2023, amma tsoron bai gama fita ba. Ni "matafiya" nake cewa, ko "masu wucewa arewa".

Kafin ka taka kowane gida, ka je wurin mai unguwa da takardar izininka, ka gaishe shi, ka faɗi abin da ya kawo ka. Kada ka yi tambaya a tsakiyar fada ana shan shayi, domin wanda ya fi ƙarfin murya shi zai amsa wa kowa. Ja mutum gefe. Mata kuwa mace ce za ta shiga wurinsu, kuma ba lokacin girki ba.

Idan za ka ji daga bakin su baƙin, kuma ya kamata ka ji, kada ka yi a gaban mai gidan hayarsu. Kada ka rubuta suna, kada ka kunna salula kana ɗaukar murya sai sun yarda, kada ka nemi ganin takardar kowa. Tun 1979 yarjejeniyar CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta bai wa ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ya yi kwana 90 ba biza, sai ga shi Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, mutane da yawa suna cikin zullumi kan matsayinsu. Kiristocin da suka zo daga Benin da Togo da kudancin Najeriya ba su manta ranar 16 ga Janairun 2015 ba, da aka ƙona coci-coci a garin nan. Mutumin da ya ga wannan da idonsa, idan ya ce maka komai lafiya, ka karɓa, kada ka matsa masa.

A ƙarshen hira ne za ka dawo kan tambayar yawa, ita ma iri-iri: waɗanda suka gudo, waɗanda suka zo kasuwanci, masu wucewa, ma'aikatan kamfani. A kundinka ma kada ka haɗe su a lissafi ɗaya. Ni a Zango nake zaune, unguwar da ta tashi a wajen ganuwa don saukar da ayarin Azbin da fataken Gadamas, jikokin waɗancan baƙi su ne yau ake tambaya ko baƙi sun yi yawa. Na kan so ɗalibi ya tambayi kowa inda kakansa ya fito, ya sa amsar kusa da sauran.

Yaran nan uku sun koma sun sake tsara takardarsu, ta tashi daga shafi ɗaya ta koma huɗu. Ranar Alhamis, ranar kasuwa, za mu gwada ta a Dole, rumfa biyar kacal, mu ga wace tambaya ce ke sa mutum ya kau da kai, mu gyara ta kafin su shiga unguwanni.