Numfashin da ke sassauta zafin aikin basir

Ba yankan kaɗai ke ciwo bayan aikin basir ba. A bakin dubura akwai tsoka zagayayya wadda ke riƙe bayan gida. Bayan aiki sai ta riƙa ƙanƙamewa a kan ciwon, kai kuma tsoro ya sa ka daɗa matse jiki, ka ɗauke numfashi, zafi ya ƙaru. Ni tela ne a nan Maradi, an yi mini wannan aiki, kuma bayan maganin likita ban ga abin da ya taimake ni kamar sakin jiki da numfashi ba. Mutane da yawa na shan wuya a ɓoye don kunyar tambaya, shi ya sa nake faɗi a fili.

Ɗan'uwa, kada ka jira sai ka shiga bayi kafin ka koya. Fara a kwance, lokacin da zafin ya lafa. Kwanta ta gefe, ka lanƙwasa gwiwoyi, ka sa matashi a tsakaninsu. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a kan cibiya. Ja iska ta hanci kana ƙirga 4 a zuci. Hannun cibiya ne zai tashi, na ƙirji ya tsaya wurinsa. Sai ka fitar ta baki kana ƙirga 6, leɓe a tsuke kamar mai hura kunu mai zafi. Haka zai ba ka numfashi 6 a minti. Yi na minti 5, sau uku ko huɗu a yini. Ni bayan salla nake yi, don kada in manta. In ka ji jiri, ka cika jan iskar ne. Koma numfashinka na kullum har ya wuce.

Dalilin cewa ciki ya tashi shi ne, in iska ta sauka ƙasa, tsokar da ke ƙarƙashin huhu na turawa ƙasa, naman ƙasan ƙugu kuma ya ɗan buɗe. Ka lura da haƙoranka. Duk sanda na tarar na cije su, to can ƙasa ma a matse nake. Saki muƙamuƙi, sauke kafaɗu, sannan ka saki ɗuwawu.

Bayan gida na farko shi ne abin da kowa ke fargaba, har wasu su daina cin abinci. Kada ka yi haka, riƙewa na busar da kashi ne kawai. In ka san lokacin da cikinka ya saba motsawa, sha maganin zafin da aka rubuta maka rabin awa kafin nan. Tsugunna, ko ka ɗora ƙafafu kan ƴar kujera in masan na zama ne. Kada ka yi yunƙuri da baki a rufe. Buɗe baki, ka cika ciki da iska, ka fitar a hankali kana cewa "haaa", ka bar cikin ya yi aikinsa. Sanda zafin ya taso za ka ji kamar ka tsuke. Nan ne za ka tsawaita fitar iskar. In minti 5 ya wuce babu komai, tashi, ka dawo anjima.

In ka gama, zuba ruwan ɗumi a buta ka wanke, ban da gogawa. Daga nan ka zauna cikin baho na ruwan ɗumi minti 10 zuwa 15, wanda gwiwar hannunka za ta jure, kana wannan numfashin. Raɗaɗin bayan fita a nan yake kwanciya. Kada ka zuba sassaƙe ko wani magani a ruwan sai likita ya ce.

Numfashi ba ya laushe kashi. Wannan aikin ruwa ne, wajen lita 2 a yini, fiye da haka a zafin Afrilu da Mayu, da miyar kuka, kuɓewa, wake, gwanda da kwaɗon zogale, wanda Allah ya hore mana shi a fadamar Jiratawa. Yajin tsire da na kilishi su jira. Tramol na masu tebur kuma ka guje shi, yana ɗaure ciki, ka koma gidan jiya. Hawan kabu-kabu da doguwar zama, irin tamu ta bakin keke, a ɗaga musu ƙafa. Zafin yakan yi sauƙi cikin mako na biyu, amma warkewa kan kai mako shida.

Akwai abin da ba a yi masa haƙuri. Ɗigon jini kaɗan bayan fita ba abin tsoro ba ne, amma in jini ya zubo da gudaji, ko zazzaɓi ya rufe ka, ko fitsari ya ƙi fita, ko zafin kullum ƙaruwa yake, a kai ka asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne.