Yadda Zumunta Za Ta Zaɓi Littattafai da Finafinai Kan Bangaskiya da Aure, Ta Kuma Amfana da Su

A ikkilisiyoyi da yawa akwai kabad a ofishin fasto cike da littattafan da ba mai taɓawa, akwai kuma majigin da ake fitowa da shi sau ɗaya a shekara, a kalla, a watse, ba wanda ya ce uffan. Abu biyu ne ke sa littafi ko fim ya yi aiki a zuciyar mai bi: a tace shi da kyau kafin a ba jama'a, sa'an nan a zauna a tattauna bayan an karanta ko an kalla. Wannan jagora ce ga shugabannin zumuntar matasa, zumuntar mata, da dattawan da ke shirya masu neman aure.

A fara da abin da ke hannu

Kafin a kashe ko kwabo, a duba ko kowa yana da Littafi Mai Tsarki a harshen da yake ganewa. A Hausa akwai juyin 1932, wanda tsofaffi da yawa suka haddace ayoyinsu da shi, akwai na 1979, akwai kuma Sabon Rai Don Kowa mai sauƙin Hausa. A rukunin karatu a tsayar da juyi ɗaya da za a riƙa karantawa a fili, domin kalmomi sun bambanta, har sunayen littattafai: wani juyi ya ce Misalai, wani ya ce Karin Magana. In ba a tsayar ba, rabin lokaci zai tafi wajen "nawa ba haka ya ce ba". Masu waya za su iya sauke juyin Hausa kyauta a manhajar YouVersion.

A kan maganar tashi, wato neman aure, da kuma auren kansa, nassosin da za a sa a gaba su ne Farawa 24, labarin Ishaku da Rifkatu. Littafin Rut, surori 4 kacal, ana gama shi a zama ɗaya. Karin Magana 5 da 31. 1 Korintiyawa 7 da 13. Da Afisawa 5. A wannan na ƙarshe a fara daga aya 21, kada a tsallake zuwa 22. Wanda ya fara daga 22 biyayyar mace kaɗai zai gani. Wanda ya fara daga 21 ya kai 33 zai ga an ce a yi wa juna biyayya, kuma nauyin da aka ɗora wa miji ya fi tsawo. Da waɗannan nassosi za a auna duk wani littafi ko fim da zai biyo baya.

Tacewa

Kada a sa littafi a hannun matasa don an ji sunan marubucin a rediyo. A ba mutum biyu su karanta shi daga farko har ƙarshe, ɗaya dattijo ko dattijuwa da ta daɗe a aure, ɗaya matashi. Mako biyu ya ishe su. Kowa ya riƙe takarda, duk ayar da marubucin ya kawo a buɗe a karanta ayoyi biyar na gabanta da biyar na bayanta. Abin da mutanen Biriya suka yi ke nan a Ayyukan Manzanni 17:11, kuma wa'azin Bulus ne ma suke aunawa. In a cikin ayoyi goma na farko an sami uku da aka fizgo daga muhallinsu, a ajiye littafin.

Akwai alamu da ke nuna littafi zai yi ɓarna ko da ya cika da ayoyi. Wanda ya yi alkawarin miji ko mata cikin kwana kaza in an ba da kuɗi kaza. Wanda ya mai da kowace matsalar gida aikin maita, har surukai da ƙannen miji su zama abin tsoro. Wanda ya gaya wa matar da ake duka ta yi shiru ta ƙara azumi, bai ce ta sanar da dattawa ko ta nemi wurin tsira ba. Wannan na ƙarshe ya fi kowanne haɗari, domin an yi jana'izar mata saboda irin wannan shawara.

Sai matsalar muhalli. Yawancin littattafan aure da ke kantuna an rubuta su ne a Amurka ko Ingila, inda saurayi da budurwa ke yanke shawara su kaɗai su sanar da iyaye daga baya. Ba su san sadaki ba, ba su san kayan aure da dangin amarya ke lissafawa ba, ba su san ƙanin miji da zai zo hutu ya shekara uku ba, balle matsin lambar da ake yi wa matar da ba ta haihu ba. Wannan bai sa a yar da su ba. Abin da suka faɗa kan gafara, sauraron juna, da riƙon amana yana da amfani. Amma mai jagora ya shirya cike giɓin da kansa.

Abin da ya cancanci shiga akwati

Littafin da ya fi dacewa da masu tashi shi ne ɗan ƙaramin nan na Walter Trobisch, fasto Bajamushe da ya koyar a Kamaru. Wasiƙu ne tsakaninsa da wani saurayi da ya faɗa cikin zina ya rasa aikinsa, daga baya budurwar da yake so ta shigo cikin wasiƙun. Ya fito a farkon shekarun 1960, ana samunsa da Faransanci, abin da zai yi wa 'yan'uwa na Nijar, Kamaru da Chadi sauƙi, da Turanci kuma sunansa I Loved a Girl. Darajarsa ita ce ya fuskanci tsadar sadaki kai tsaye, kuma wasiƙa gajera ce, ana iya karanta biyu ko uku a zama ɗaya ana fassarawa.

Domin fastoci da dattawa, African Christian Ethics na Samuel Waje Kunhiyop, wanda ya taɓa zama babban sakataren ikkilisiyar ECWA, ya fito a 2008. Ya taɓo auren mace fiye da ɗaya, rashin haihuwa, saki, da halin gwauraye, da idon wanda ya san gidajenmu. Ba littafin rukuni ba ne, na mai shirya darasi ne. Domin ƙarfafa bangaskiya kuwa, The Pilgrim's Progress na John Bunyan, wanda ya fito a 1678, har yau yana kama yara da manya, musamman in an sami gajeren juyi mai hotuna.

Wajen saye, Challenge Bookshop na ECWA da kantin ACTS da ke Bukuru kusa da Jos su ne wuraren farawa, kuma a tambayi na Hausa tukuna kafin na Turanci. A guji na satar fasaha da ake tallarsu a tasha: shafuka kan ɓace a tsakiya, gam ɗin kan saki kafin mutum na uku ya karanta, ga kuma haƙƙin mai shi. Littattafai 20 zuwa 25 sun isa farawa. Gara a sayi kwafi biyar na littafi ɗaya mai kyau da a sayi biyar dabam-dabam, domin da kwafi biyar mutum goma za su karanta tare.

A ajiye su cikin akwatin ƙarfe, a ɗora kan bulo biyu nesa da bango saboda gara da laimar damina, a jefa kafur a ciki. A rufe bangon kowanne da leda mai kauri, a buga hatimin ikkilisiya a shafin farko da wani shafi na tsakiya. Mutum ɗaya ne zai riƙe makulli da littafin aro: suna, lambar waya, ranar ɗauka, ranar maidowa. Aro mako biyu ne, littafi ɗaya ga mutum ɗaya. Dokar ta hau kan fasto ma, domin a hannun manya littattafai suka fi ɓacewa, ba mai iya tambayarsu.

Rukunin karatu

Mutum 8 zuwa 12. In sun wuce haka, uku ne za su yi ta magana. Babi ɗaya a mako, awa ɗaya da kwata, na tsawon mako 6 zuwa 8, sa'an nan a huta. A karkara kada a sa shi lokacin noma ko girbi. A karanta sakin layi biyu ko uku a fili ko da an ce kowa ya karanta a gida, saboda waɗanda ba su iya karatu ba kada su ji kunya. Ranar da za a taɓo jima'i a raba maza da mata, kowane ɓangare da babban da ya yi aure, a ba da takarda kowa ya rubuta tambayarsa ba suna.

A cikin makonnin nan a keɓe ɗaya domin abin da littattafan waje ba sa kawowa: gwajin jini kafin a kai gaisuwa gidan iyaye. A gayyato ma'aikacin lafiya daga cikin ikkilisiya ya bayyana cewa in namiji da mace duka AS ne, wato masu ɗauke da ƙwayar gadon sikila amma ba su da cutar, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila. Kowane ciki ne, ba wai ɗa ɗaya cikin huɗu ba. Ana iya samun uku a jere. Jin wannan tun soyayya ba ta yi nisa ba ya fi jinsa bayan an sa rana.

Daren majigi

Fim ɗin Yesu na 1979, wanda ya bi bisharar Luka, akwai shi da Hausa, kuma yana kai kusan awa biyu. Inda akwai yara da tsofaffi a raba shi dare biyu, a sa jama'a su karanta Luka a tsakani. Kan aure, Fireproof na 2008, wanda wata ikkilisiyar Baftis a jihar Jojiya ta Amurka ta shirya, labarin ɗan kwana-kwana ne da aurensa ya kai bakin saki, mahaifinsa ya roƙe shi ya yi kwana 40 yana kyautata wa matarsa kafin ya sa hannu a takardar saki. Ya dace da ma'aurata, kuma ya buɗe ƙofar magana kan kallon batsa. Finafinan Mount Zion, ƙungiyar da Mike Bamiloye ya kafa a 1985, da yawansu suna YouTube kuma gidajen da ke ciki irin namu ne. Sai dai wasu sun ba yaƙin ruhaniya ƙarfi ƙwarai, suna iya firgita yara, don haka a kalli kowanne tukuna. Wannan doka ce ga kowane fim: mutum biyu su kalle shi gaba ɗaya, su rubuta mintin da za a tsaya.

In fim da Turanci ne, kada mai fassara ya yi ta magana a kan muryar 'yan wasa, domin ba za a ji ko ɗaya ba. A tsayar duk bayan minti 15 ko 20, ya taƙaita cikin minti biyu, a ci gaba.

Kayan aiki: majigi mai hasken lumen 3,000 ko kusa da haka, farin yadi mai faɗin mita biyu da ɗan ɗori a ɗaure kusurwa huɗu ya miƙe, a ajiye majigin kamar mita uku da rabi daga yadin. Lasifikar cikin majigi ba ta isa ko aji ɗaya, a haɗa da amfilifayar ikkilisiya. A sauke fim ɗin a filasha tun da rana, kada a dogara da intanet. Majigi mai ƙwai yana cin wat 250 zuwa 300, ƙaramin janareto zai ɗauka tare da amfilifaya matsakaiciya, amma a sa sitabilaiza a tsakani domin wutar ƙaramin janareto tana hawa da sauka. A cika tanki kafin a fara. In mai ya ƙare ana tsakiyar kallo, fankar majigi za ta tsaya alhali ƙwan yana da zafi, wannan kuwa yana rage masa kwana; haka ma in an gama a bar fankar ta tsaya da kanta kafin a zare waya. Janareto ya zauna a waje, mita 15 ko fiye daga jama'a, nesa da taga. Hayaƙinsa yana kisa a rufaffen wuri. Lokacin hunturu a goge matatar iskar majigin, ƙura na toshe ta ya yi zafi ya mutu da kansa.

In a fili za a yi, a sanar da mai unguwa da maƙwabta, a juya lasifika ta fuskanci masu kallo, a rage murya lokacin sallar isha'i in akwai masallaci kusa. A fara da ƙarfe 7, a tashi kafin 9 da rabi, a kuma shirya masu raka 'yan mata gida.

Minti 30 na bayan fim su ne ainihin taron, don haka a faɗa tun farko cewa ba a watsewa da ƙarewar fim, a kunna fitila nan take, a raba mutane goma-goma kafin su miƙe. Tambaya uku sun isa: wane mutum ne a fim ɗin ya yi kama da abin da muke gani a unguwarmu? Wace aya ce ta goyi bayan abin da ya yi, ko ta tsawata masa? Mene ne fim ɗin ya sauƙaƙa fiye da yadda yake a zahiri? Ta ukun tana da muhimmanci, domin a fim miji yakan tuba cikin awa biyu, a gida kuwa wata ta shekara goma tana addu'a. In ba a faɗi wannan a fili ba, za ta koma gida tana ganin bangaskiyarta ce ta gaza. Mai jagora kada ya yi wa'azi, kada kuma ya bari a kawo misali da gidan wani da ke zaune a wurin. Dattijo ɗaya da dattijuwa ɗaya su tsaya a gefe bayan an tashi saboda mai son magana a keɓe, kuma a sanar da sunayensu tun kafin a kashe fitila.